Butar da Ta Daina Yin Alli

Kurɓa ta biyu ce a bakinta, ba ta haɗiye ba. Gwaggo ta lumshe ido, ta bar ruwan ya kwanta a kan harshenta, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, tana ƙirga goma a zuci. Kurɓar farko ta wankin baki ce, ba a tambayarta komai. Ta biyu ita ce mai magana. Ta uku kuwa shaida ce, ko ta gaskata 'yar'uwarta ko ta ƙaryata ta. Haka take yi kowace safiya da ƙarfe bakwai da rabi, a tsaye gaban tagar ɗakin gwaji, yau shekara ashirin da tara, tun kamfanin ruwan goran nan yana rumfa ɗaya da inji ɗaya mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Ruwan ya faɗi abin da ya saba faɗa. Sanyi da fari, sannan wani nauyi mai laushi a tsakiyar harshe, sannan can ƙurya wani siririn ɗaci wanda ba kowa ke jin sa ba. Ta haɗiye, ta gyara farar rigar aiki, ta kunna na'urori don su ma su faɗi nasu. Kalsiyam sittin da huɗu a kowace lita, shi ne allin dutse, mai wancan nauyin. Magnesiyam goma sha tara, mai siririn ɗacin. Sodiyam, wato ɗan gidan gishiri, biyar kacal. Waɗannan lambobi ne a buge jikin kowane gora da ya fita daga ƙofar kamfanin, kuma sau ɗaya a shekara akan kawo mata takardar shaida ta sa hannu cewa haka suke. Takardar bana tana teburin Manaja, ana jiran ta ƙarfe biyu na rana. Daga ita saura guda ɗaya tak, domin wata goma sha huɗu suka rage mata ta ajiye aiki da mutuncinta.

Harshen nan gadonsa ta yi. Mahaifinta mai haƙa rijiya ne, gajere, mai kafaɗu kamar ƙofa. In ya cim ma ruwa a ƙasa ba ya ihu kamar sauran mahaƙa. Yakan cika baki, ya hauro da igiya kumatunsa a kumbure, ya zauna bakin ramin yana kallon sama, masu rijiya suna tsaye suna jira. Sai ya haɗiye sannan ya ce ta sha ce, ko ta wanki ce, ko kuwa a mai da ƙasa. Ita ce mai kai masa abinci, don haka ita ce ta fara roƙon a san mata.

"Ruwa matafiyi ne," yakan ce mata. "Duk dutsen da ya kwana a gidansa sai ya ba shi guzuri. Ke dai ki iya buɗe jakar."

Da wankin goruna ta fara a kamfanin, hannu cikin kumfa tun safe. Wata rana ta kurɓi ruwan wani tanki ta yamutsa fuska, ta ce yana warin ƙusa. Abokan aiki suka yi ta dariya, amma tsohon da ke riƙe da ɗakin gwaji, wanda ake kira Mai Tabarau, bai yi ba. Ya ɗebi ruwan ya auna, ya sami tsatsa a bututu. Washegari ya tsamo ta daga kumfa, ya miƙa mata farar riga wadda ta yi mata yawa, ya tura ta karatun yamma shekara uku. Shi ya koya mata sunayen abubuwan da harshenta ya riga ya sani. Shi ya nuna mata babban littafin gwaji mai shafuka masu lamba, wanda masu duba ingancin ruwa ke buɗewa in sun zo, ya ce mata abu biyu: da biro ake rubutu a ciki, kuma ba a yage shafi.

A shekarun nan babu irin tambayar da ba a zo mata da ita ba. Masu jego sukan aiko a tambaya ko za a iya dama madarar jariri da ruwan, ta ce a tafasa a dama, gishirinsa bai kai ya wahalar da ƙodar jariri ba. Wani direba ya taɓa zuwa da faɗa, wai ya zuba a batirin mota batirin ya mutu. Ta ce masa batiri ruwan da ba komai a cikinsa yake so, wannan kuwa da kayansa yake tafe, na ƙashi da haƙori ne, ba na mota ba. Har mijinta, tsohon tela, ya taɓa ɗura shi a dutsen guga mai tururi don burga, dutsen ya yi ta tofa farin alli a kan baƙin yadin wani ango. Shekara goma sha biyar ke nan, har yau in ta ga dama takan tuna masa.

Yanzu telan ya daina ɗinki. Zuciyarsa ta gaji, ƙodarsa ta biyo bayanta, likita ya ƙayyade masa gishiri kamar mai rabon gado. Gwaggo da kanta ta ɓare takardar jikin gora ta kai asibiti. Likita ya duba ya ga biyar, ya ce wannan ya sha iya ƙa'idarsa. Tun ranar, katan ɗin da kamfani ke ba kowane ma'aikaci duk wata ya zama na Malam shi kaɗai. Ita ruwan famfo take sha a gida, ko kurɓa ba ta taɓa masa.

Da ƙarfe goma ta sauka ɗakin shan shayi. Ɗaki ne ƙarami mai benci biyu da tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da kwali. Sarauniyar ɗakin ita ce mai shara da dafa shayi, wadda ake kira Rediyo, don tun da aka kunna ta ba a sami maɓallin kashewa ba. Dogo mai tuƙa motar ɗaga kaya yana zaune a ƙarshen benci, ƙafafunsa sun kai tsakiyar ɗaki.

"Yaya, zo ki ga ikon Allah," in ji Rediyo, tana ɗaga butar shayi ta lantarki. "Shekara nawa ina fama da butar nan? Duk ƙarshen mako lemun tsami, duk ƙarshen mako kankara, har farcena ya ƙare. To yau mako biyar ban taɓa ta ba. Leƙa ki gani. Kamar amarya!"

"Amarya a hannunki?" in ji Dogo. "Ai da ta gudu gidansu saboda surutu."

"Kai dai janye sandunan nan naka mutane su wuce. In an tashi gyaran fitilar rufi a kira ka."

Gwaggo ta karɓi butar tana murmushi, ta buɗe murfi ta leƙa. Gindin ƙarfen yana ta ƙyalli, har ta hango idonta a ciki. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ta san butar nan kamar yadda ta san tafin hannunta. Ruwan marmaronsu in ya tafasa dole ya sauke farin alli, ɓawo a kan ɓawo, kamar yadda kaza ba ta tashi daga wuri ba ta bar gashi ba. Wannan allin shi ne sittin da huɗun da take rubutawa kullum. Ta sa yatsa ta shafa gindin. Sumul.

"Da wane ruwa kike cika ta?"

"Da wanda na saba mana. Gorunan da suka lotse a layin ɗura ruwa, waɗanda ake warewa. Ko an hana ne? Ni dai ba wanda ya gaya mini, kuma in an hana sai a rubuta a manna, ba wai a bar mutum..."

"Miƙo mini ɗaya."

Rediyo ta jawo wani lotsattsen gora daga ƙarƙashin tebur. Gwaggo ta murɗe murfin. Kurɓar farko ta wanke zaƙin da ke bakinta. Ta biyu ta kwanta a harshe, Gwaggo ta lumshe ido, ta jira nauyin nan mai laushi, bai zo ba. Wani santsi ne ya zo a madadinsa, mai silɓi kamar an ɗauraye sabulu ba a gama ba, da wani gishiri-gishiri a gefen harshe, ɓoye kamar ɓarawo a bayan ƙofa. Ta uku ta gaskata ta biyu.

Sai abubuwa suka fara jeruwa a ranta. Wata bakwai da suka wuce aka kawo sabon Manaja, matashi mai ladabi, mai gaisuwa har da rusunawa. Marmaron da ke bayan kamfanin ya yi shekara uku yana ja da baya, kowa ya sani, ita ma ta rubuta. Mako shida da suka wuce Manaja ya shigo ɗakinta da kansa, ya ce bai dace uwa kamarta ta riƙa hawa da sauka da ciwon gwiwa don ɗebo samfur a layi ba, daga yau za a riƙa kawo mata har tebur. Ta yi masa godiya. Har addu'a ta yi masa.

"Dogo," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Me kake kai wa rumfar baya?"

Dogo ya janye ƙafafunsa a karo na farko. Ya dubi kofinsa.

"Gwaggo, ni direba ne. Abin da aka ɗora mini nake ɗauka."

"Na sani. Me aka ɗora maka?"

"Buhuna."

"Na mene ne?"

"Gishiri," ya ce a hankali. "Arba'in duk mako. Akwai wani inji da aka kafa kusa da sabuwar rijiyar burtsatse, shi ke ci. An ce na wanke bututu ne. An kuma ce wanda ya yi zancen ya nemi wani aikin."

Rediyo ta buɗe baki, ta rufe. Aka sami maɓallin yau.

Gwaggo ta san irin injin. Ruwan rijiya mai tauri ake bi da shi ta ciki, ya ƙwace masa alli ya musanya masa da gishiri, ya fito da santsi. Ana gauraya shi da ɗan abin da marmaro ke bayarwa, a ɗura a gora, a manna tsohuwar takarda. Ita kuwa a ɗebo mata na bakin marmaro tsantsa a kai mata tebur, ta kurɓa, ta lumshe ido, ta rubuta biyar. An yi lissafin harshenta, an yi lissafin na'urorinta da gwiwarta. Buta ce kawai ba a yi lissafinta ba.

Ta ɗauki goruna uku daga ƙarƙashin tebur, ta ɗauki butar ma. Matakala goma sha takwas ne zuwa ɗakin gwaji, yau ba ta ji ko ɗaya a gwiwarta ba. Ta auna na farko, ta auna na biyu, ta wanke komai ta auna na uku, don kada ta ɗauki alhakin kowa. Kalsiyam ashirin da ɗaya. Sodiyam ɗari da goma sha takwas. Ta jawo babban littafi, ta buɗe shafin yau, ƙarƙashin lambobin safe ta ja layi, ta rubuta sababbin da biro, ta rubuta inda ta samo ruwan da lokacin da ta auna. Sannan ta ɗauki waya.

"Malam, katan ɗin da na kawo farkon wata, nawa ka sha?"

"Likitar ruwa! Yau kuma bincike ake? Saura huɗu. Ko kin fara zargin ina sayarwa?"

"Kada ka ƙara sha. Akwai ragowar tsohon katan a bayan keken ɗinki, shi za ka sha."

"To, me ya faru?"

"Ƙafar fa?"

"Tana nan kamar jiya. Takalmin dai ya ƙi shiga, na ce masa shi ya sani." Shekara talatin da huɗu suna tare, ya san numfashinta. "Ke, faɗa za ki yi."

"Sa hannu zan yi."

"Wannan muryar ba ta sa hannu ba ce. To Allah ya ba da sa'a. In an koro ki, ki biyo da burodi."

Ƙarfe biyu daidai ta ƙwanƙwasa ofishin Manaja. Ɗaki ne mai sanyi, da labule mai kauri, da babban hoton marmaron a bango tun zamanin da yake tumbatsa. Manaja ya miƙe tsaye ya jawo mata kujera. Takardar tana kan tebur, biro a kwance a kanta.

"Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi." Ba ta zauna ba. Ta ajiye butar a kan tebur, kusa da takardar, ta buɗe murfin. "Leƙa, Manaja."

Ya leƙa, ya ɗago yana murmushin wanda bai gane ba. "Tsaf take."

"Tsaf take. Shekara ashirin da tara ba ta taɓa yin tsaf ba sai da ka tausaya wa gwiwata."

Murmushin ya zube. Ya koma kujerarsa a hankali, ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi musu ba, wannan kam ta yaba masa.

"Gwaggo, zauna mu yi magana ta fahimta. Marmaro ya ja baya, ke kika fara rubutawa. Abin da yake bayarwa bai cika rabin layi ba. Mutum ɗari da arba'in ke ci a nan. Dogo, Rediyo, 'yan layi, masu gadi. In na rufe rabin layi, wa zan fara kora? Ki zaɓa mini. Kuma ruwan nan ba guba ba ne. Tsaftatacce ne, ni ma shi nake sha, 'ya'yana shi suke sha."

"Ban ce guba ba ne. Ruwa ne mai kyau, mai lafiya ya sha ya yi hamdala. To a rubuta masa sunansa da lambarsa, a sayar."

"In na rubuta, ya tashi daga ruwan marmaro. Ya zama kamar na kowa, kuma na kowa ya fi namu araha. Wata shida kawai nake nema, damina ta sauka, marmaro ya farfaɗo, in kashe injin. Ba wanda zai sani."

"Buta ta sani."

"Gwaggo..."

"Ɗana, saurara. Wanda ke sayen ruwan nan don ƙishirwa ba ya karanta takarda. Masu karantawa su ne waɗanda aka ce su karanta. Mai jego da nono ya ƙi zuwa. Mai hawan jini. Mijina. Ni na ɓare takardar nan na kai wa likita da hannuna, ya ga biyar, ya yi lissafinsa a kan biyar. Yau mako uku takalmi ba ya shiga ƙafar Malam. Ban ce ruwanka ne ba, ni ba likita ba ce, ba na faɗin abin da ban auna ba. Amma likita da lambata ya yi aiki, kuma lambar ƙarya ce. Ka sa na shayar da mijina ƙarya da hannuna, ina yi maka addu'a."

Manaja ya dubi hoton bango, ya dubi takardar. Da ya sake magana muryarsa ta bushe.

"Wata goma sha huɗu suka rage miki. Ina so in yi miki walimar ban kwana, a kira iyalinki, a yaba miki a gaban kowa. Kada ki ɓata shekara ashirin da tara saboda lamba ɗaya. Masu kamfani sun ce in ba ki sa hannu ba, akwai masu takardun da suka fi naki suna jira a waje."

"Wa ya ce ba zan sa ba?"

Ta ɗauki biron. Ya saki numfashi, har kafaɗunsa suka sauka. Ta sunkuya a kan takardar, ta lalubo tabaranta daga aljihu ta saka, ba ta gaggawa. Ta ja layi ɗaya a kan sittin da huɗu, ta rubuta ashirin da ɗaya. Ta ja layi ɗaya a kan biyar, siriri, yadda mai karatu zai ga abin da ke ƙasa, ta rubuta ɗari da goma sha takwas. Sannan ta sa hannu, babba, irin wanda Mai Tabarau ya sa ta maimaita sau ɗari har ya zauna, ta buga kwanan wata. Ta juya masa takardar.

"Ga shi. Ban taɓa hana kamfanin nan hannuna ba."

Ya daɗe yana kallo. "Kin san zan iya yaga wannan in buga wata."

"Za ka iya, takardarka ce. Amma yana cikin babban littafi, shafi na ɗari biyu da sittin da uku, da biro. In ka yage, masu dubawa za su tashi daga shafi na ɗari biyu da sittin da biyu su faɗa na ɗari biyu da sittin da huɗu, su tambaye ka ina na tsakiya. In sun tambaye ni kuwa, ka san ban iya rufe baki a kan ruwa ba. Ubana rijiyar da ya haƙa kwana arba'in yakan ce a mai da ƙasa, mai rijiya yana kuka."

"Ki ajiye makullin ɗakin gwaji," ya ce, bai ɗago ba.

Makullin yana wuyanta a jikin wani zare da ya yi baƙi don tsufa. Ta cire ta ajiye. Ta ɓalle maɓallan farar rigar ɗaya bayan ɗaya, ta tuɓe, ta ninke ta yadda matar tela ke ninke riga, hannu a ciki, wuya a sama, ta ɗora a kan kujerar da ya jawo mata. Ba rigar, sai ta ga kanta ƙarama, wata dattijuwa mai zane da ciwon gwiwa. Ta ji iskar ɗakin a damatsanta, ba ta ji kunya ba.

"Wanda za ka kawo," ta ce, "ka gaya masa na'ura ta biyu tana ƙara maki ɗaya in ta yi zafi, ya bar ta ta huce. Kuma ya riƙa sauka layi da ƙafarsa."

Ta miƙa hannu ta ɗauki butar.

"Wannan ta kamfani ce," in ji Manaja.

"Ta Rediyo ce. Mutane na jiran shayi."

Ta rufe murfin, ta rungume butar a ƙirji, ta buɗe ƙofa. Ƙarar layi ta shigo ɗakin, dubban goruna suna gogar juna a kan bel. Gwaggo ta fita, ba ta ja ƙofar ba.